Yadda Ake Tafiyar Da Zaman Hukumar Daraktoci Ya Haifar Da Ɗa Mai Ido

Duk wanda ya taɓa zama a hukumar daraktocin wani kamfani, ko kwamitin amintattun wata ƙungiya, ko kwamitin da ke kula da makarantar al'umma, ya san irin zaman da ake kira ƙarfe goma amma a fara shi sha biyu saura. A karanta bayanin zaman baya layi bayan layi, manaja ya shafe awa guda yana karanto rahoton da ba wanda ya gani sai a lokacin, a kira azahar, a dawo a ci abinci, sannan a tuna cewa batun rancen banki da aka taru dominsa ko taɓa shi ba a yi ba. Daga nan shugaba ya ce a bar shi sai zama na gaba, kowa ya sa hannu ya karɓi kuɗin zama ya kama gabansa. Wannan shi ne taron tsintsiya ba shara, kuma yana ci mini tuwo a ƙwarya, domin na riƙe alƙalamin sakatare a irin waɗannan zama, na kuma ga yadda dukiyar mutane ke zagwanyewa a hannun dattawa masu gaskiya waɗanda laifinsu kawai shi ne rashin tsari.

Hukumar daraktoci aikinta yanke shawara da sa ido a kan masu gudanarwa. Duk abin da zan bayyana a ƙasa hanya ce ta kare wannan aiki daga abubuwan da ke cinye lokacinsa. Zan jingina bayanin da dokar kamfanoni ta Najeriya, wato CAMA, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a watan Agustan 2020 ta maye gurbin ta 1990, amma mafi yawan matakan sun dace da kowace ƙungiya mai shugabanni da asusu.

Mataki na farko: a san doka, a tsayar da ranaku

Kafin komai, shugaba da sakatare su buɗe kundin ƙa'idojin kamfanin da aka yi wa rajista a hukumar rajistar kamfanoni, wato CAC, su karanta abin da ya ce game da zaman daraktoci, domin a wurare da yawa doka ta bar wa wannan kundi damar tsara abin da ya dace da kamfanin, sai inda ya yi shiru ne take cike gurbin. Sabon kamfani wajibi ne daraktocinsa su yi zaman farko cikin wata shida da yi masa rajista. Bayan wannan, kundin kyakkyawan shugabancin kamfanoni na 2018, wanda Majalisar Kula da Rahoton Kuɗi ta Najeriya ta fitar, ya ba da shawarar a zauna aƙalla sau ɗaya a kowane wata uku. Ƙaramin kamfani ma zai amfana da wannan ma'auni, domin wata uku ya isa a ga inda ciniki ya dosa, kuma bai yi tsawon da ɓarna za ta yi jijiya ba.

A zaman ƙarshe na kowace shekara a tsayar da ranakun zama huɗu na shekara mai zuwa, kowa ya rubuta. A duba kalanda da idon basira: a kauce wa Juma'a, a kauce wa goman ƙarshe na azumi da makon salla, a tuna da lokacin aikin hajji idan akwai masu niyya. Zaman da aka fara ƙarfe goma na safe aka tashi kafin azahar ya fi kowane albarka, domin mutane suna da kuzari, kuma kiran salla ya zama iyakar da ba mai jayayya da ita.

Mataki na biyu: takardar gayyata da ajanda

Sashe na 292 na dokar ya ce a bai wa kowane darakta sanarwa a rubuce kwana 14 kafin zama, sai dai idan kundin kamfanin ya tsara wani adadi dabam, kuma rashin yin haka yana rushe zaman baki ɗaya. A nan ne kamfanonin 'yan uwa da na abokai suka fi yin tuntuɓe. Sai a ga an yi saɓani da wani darakta, a ce a zauna ba tare da shi ba don a huta da gardamarsa, alhali duk abin da aka yanke a wannan zama yana iya kai shi kotu a soke. Wanda ake ganin zai yi gardama shi ya fi cancanta a tabbatar takardarsa ta isa hannunsa, a kuma ajiye shaidar isarta. Saƙon WhatsApp yana da amfani wajen tunatarwa, amma a aika takarda ko imel da za a iya nunawa gobe.

Ajanda kuwa ita ce ƙashin bayan zaman, kuma shugaba ne ke tsara ta tare da sakatare da manajan darakta. Kuskuren da aka saba yi shi ne rubuta kanun magana tsirara: "Batun injin", "Batun ma'aikata", "Batun fili". Darakta da ya karanta wannan bai san abin da ake nema a wurinsa ba, don haka zai zo ne ya ji labari. A maimakon haka a rubuta abin da za a yanke. A ce kamfanin casar shinkafa ne, sai a rubuta: "A amince ko a ƙi sayen sabon injin casa a kan naira miliyan 40, rabi daga asusun kamfani, rabi rancen banki." Wanda ya ga wannan jimla zai kwana yana lissafi, ya tambayi wanda ya san farashi, ya zo da abin faɗa.

A raba batutuwa gida uku, a rubuta a gaban kowane ɗaya ko na yanke shawara ne, ko na tattaunawa, ko na sanarwa kawai. A sa wa kowane batu mintocinsa da sunan wanda zai gabatar da shi. Batu mafi nauyi shi ke zuwa gaba, da zarar an gama da bayanin zaman baya, tun kafin gajiya ta shigo kuma kafin masu uzuri su fara neman izinin fita. Batutuwan yanke shawara kada su wuce uku ko huɗu a zama ɗaya. Idan sun fi haka, alama ce cewa hukumar ta tsoma hannu a aikin manaja. Sayen tayar mota, hutun maigadi, fentin ofis, duk ba na hukuma ba ne. Hanyar raba gardama a nan ita ce hukumar ta yanke iyakar kuɗin da manaja zai iya kashewa da kansa, ta rubuta, abin da ya haura wannan iyaka ne kawai zai hau teburinta.

Gurbin "sauran batutuwa" da ake sawa a ƙarshen ajanda yana buƙatar tsaro, domin ta nan ake shigo da manyan buƙatu lokacin da kowa ya ƙosa ya tashi. A kafa ƙa'ida cewa ba a amincewa da kashe kuɗi ko ɗaukar ma'aikaci ko ba da kwangila a ƙarƙashin wannan gurbi. Wanda ke da irin wannan buƙata ya kai wa sakatare kafin ajanda ta fita.

Mataki na uku: takardun zama su riga mutane isa

Aƙalla mako guda kafin zama kowane darakta ya karɓi bayanin zaman baya, jadawalin ayyukan da aka ɗora wa mutane, rahoton manaja, rahoton kuɗi, da takarda ɗaya ko biyu a kan kowane batun da za a yanke. Takardar batu ta faɗi matsalar, zaɓin da ake da su, kuɗin kowane zaɓi, haɗarinsa, da wanda masu gudanarwa suka fi so da dalilinsu.

Rahoton kuɗi ya cancanci a tsaya a kansa, domin yawancin daraktocinmu 'yan kasuwa ne da malamai da tsofaffin ma'aikata, ba akantoci ba, kuma kunya kan hana mutum ya ce bai gane ba. A nemi akanta ya sa shafi guda a gaba wanda ke amsa tambayoyi biyar cikin harshen da kowa ke ji: nawa aka yi kasafin samu kuma nawa aka samu, nawa aka yi kasafin kashewa kuma nawa aka kashe, nawa ne a banki yau, nawa ake bin mu, nawa muke bin mutane kuma tun yaushe. A haɗa da takardar bayanin asusu da ta fito daga bankin kanta, domin a gwada adadin da akanta ya rubuta da wanda banki ya buga. Kamfani yana iya nuna riba a takarda alhali ba shi da kuɗin biyan albashi, saboda kayan sun fita bashi kuma ba a karɓo ba. Daraktan da ya saba tambayar tsufan bashi ya fi wanda ke murna da adadin riba amfani ga kamfani.

Idan takardu sun isa da wuri, sai a daina karanta rahoto a zaure. Shugaba ya ce an ɗauka kowa ya karanta, manaja ya yi minti biyar yana nuna abin da ya fi damunsa, sauran lokacin na tambayoyi ne. A zama na farko da na biyu za a samu waɗanda ba su karanta ba. Kada a koma karantawa dominsu, domin yin haka horo ne ga waɗanda suka yi aikinsu.

Mataki na huɗu: buɗe zama

A fara a kan lokaci. Doka ta ba daraktocin da suka hallara damar zaɓar ɗaya daga cikinsu ya jagoranci zaman idan shugaba bai iso ba minti biyar bayan lokacin da aka sa. Na san wannan yana da nauyi a al'adarmu, musamman idan shugaban dattijo ne ko shi ya kafa kamfanin, don haka ya fi kyau shi da kansa ya furta tun farko cewa idan ya makara a fara, ya kuma ambaci wanda zai riƙe masa. Da zarar an yi haka sau ɗaya, makara za ta ragu.

Bayan addu'a, sakatare ya ƙirga mahalarta ya bayyana ko adadin da doka ke buƙata ya cika. Idan kundin kamfani bai ce komai ba, mutum biyu sun isa matuƙar daraktocin ba su wuce shida ba. Idan sun wuce shida, sai kashi ɗaya cikin uku, wato uku a hukuma mai mutum tara. Wannan adadi ana buƙatarsa a lokacin da ake yanke kowace shawara, saboda haka sakatare ya riƙa rubuta lokacin shigar kowa da fitarsa. Wanda zai halarta ta waya ko ta Zoom a tabbatar kundin kamfani bai hana ba, a gwada layin kafin lokaci, kuma shugaba ya riƙa kiran sunansa yana neman ra'ayinsa, domin wanda ba a gani da sauƙi ake mantawa da shi.

Sai kuma tambayar da ake yawan tsallakewa: ko akwai wanda ke da wata maslaha ta kansa a cikin batutuwan yau? Sashe na 303 ya wajabta wa darakta ya bayyana wa hukuma idan yana da hannu, kai tsaye ko a kaikaice, a wata kwangila da kamfani zai shiga. A garuruwanmu, inda mai sayar da buhu surukin wani ne, mai motocin dako ƙanin wani ne, wannan ba abin kunya ba ne, kuma sau da yawa ɗan uwan shi ne mafi sauƙin farashi. Abin kunyar shi ne a gano daga baya. Na taɓa halartar zaman da aka amince da kwangilar gini, bayan wata biyu aka ji cewa kamfanin da aka bai wa na ɗan ɗaya daga cikin daraktocin ne. Aikin bai yi muni ba, farashin ma bai wuce kima ba, amma daga ranar duk shawarar da wannan bawan Allah ya kawo sai a riƙa kallon juna, har ya gaji ya ajiye muƙamin. Da ya faɗa tun farko, ya fita waje minti goma aka yanke babu shi, da mutuncinsa na nan. Shugaba ya riƙa yin wannan tambaya a kowane zama, ga kowa, domin kada ranar da aka yi ta wani ya ji kamar shi ake nufi.

Mataki na biyar: tattaunawa da yanke shawara

Nan ne gwanintar shugaba ke bayyana, kuma nan ne tarbiyyarmu mai kyau take iya zama cikas idan ba a lura ba. An koya mana kada mu musa wa babba a bainar jama'a. Saboda haka idan shugaba ya buɗe batu da cewa shi a ganinsa a sayi injin, magana ta ƙare. Sauran za su bi da "haka ne, ranka ya daɗe", mai shakka ya haɗiye shakkarsa ya fito da ita a mota a hanyar gida. Hukumar da ta zama ta 'yan amshin Shata ba ta kare kowa, har shi shugaban.

Maganin wannan shi ne shugaba ya zama na ƙarshen faɗin ra'ayi. Bayan mai gabatarwa ya gama, ya fara da mafi ƙarancin shekaru ko sabon shiga, ya bi da sauran ɗaya bayan ɗaya, ya kira sunan wadda ta yi shiru ya ce, "Hajiya, ke kika fi mu sanin kasuwar nan, me kika gani?" Ya kuma yi tambayar da ke buɗe ƙofa ga mai shakka ba tare da ya zama mai musu ba: idan wannan abu ya lalace nan da shekara guda, ta ina zai lalace? Da wannan tambaya mutum zai faɗi tsoronsa a matsayin amsa ga shugaba, ba a matsayin ja da shi ba. Musulmi a cikinmu sun san cewa Alƙur'ani ya yabi muminai da cewa al'amarinsu shawara ne a tsakaninsu, a aya ta 38 ta Suratus Shura, kuma littattafan tarihi sun kawo yadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sauya wurin da rundunarsa ta sauka a Badar bisa shawarar sahabi Hubab ɗan Munzir. Shugaban da ya karɓi gyara daga na ƙasa da shi girmansa ƙaruwa yake yi.

Akwai kuma mai dogon zance, wanda kowane batu sai ya faro shi daga kafuwar kamfani. Ba a kunyata shi. Shugaba ya jira ya ja numfashi, ya taƙaita abin da ya faɗa cikin jimla ɗaya, ya gode masa, ya miƙa magana ga na gaba. Idan zance ya kauce zuwa wani batu mai muhimmanci amma ba na yau ba, sakatare ya rubuta shi a gefe domin ajanda mai zuwa. Wayoyi a kife su, wanda kira ya zame masa dole ya fita waje.

Idan lokacin batu ya kusa cika, shugaba ya faɗi ƙudurin da kalmomin da za a rubuta: me aka amince da shi, a kan nawa, wa zai aiwatar, zuwa wace rana. Sakatare ya maimaita da ƙarfi kowa ya ji. Kalmar "za a duba" ba ƙuduri ba ce. Idan bayani ne bai isa ba, a faɗi bayanin da ake nema, wanda zai kawo shi, da ranar kawowa. Idan baki ya zo ɗaya, madalla. Idan bai zo ba, a kaɗa ƙuri'a, domin doka ta ce rinjaye ke yanke hukunci, kowane darakta da ƙuri'a ɗaya komai yawan hannun jarinsa, kuma idan aka yi kunnen doki shugaba yana da ƙuri'a ta biyu ta raba gardama. Shawarata ita ce ya yi taka-tsantsan da wannan dama, domin babban al'amarin da rabin hukuma ba ta gamsu da shi ba ya fi kyau a sake nazarinsa. Wanda aka rinjaya yana da haƙƙin a rubuta cewa bai yarda ba, amma bayan an tashi ƙudurin na hukuma ne gaba ɗaya, ba ya fita yana cewa shi ba ruwansa.

Yana da kyau a ware minti goma a ƙarshe daraktocin da ba ma'aikatan kamfani ba su zauna ba tare da manajan darakta ba, a kowane zama, ko da babu ƙorafi. Batun albashinsa da auna ƙwazonsa ba a yin su a gabansa. Wannan ma shi ne dalilin da ya sa doka ta hana mutum ɗaya ya haɗa shugabancin hukuma da shugabancin gudanarwa a kamfanin da ke sayar da hannun jari ga jama'a, kuma ƙananan kamfanoni za su ci riba idan suka yi koyi.

Mataki na shida: bayan an tashi

Sakatare ya rubuta bayanin zama cikin kwana biyu ko uku, tun abin yana sabo a kansa. Ba a rubuta wane ya ce, wane ya mayar. Ana rubuta ranar zama da wurinsa, mahalarta da masu uzuri, maslahar da aka bayyana, muhimman dalilan da aka duba, da ƙudurin kalma bisa kalma. Shugaba ya duba, a aika wa kowa cikin mako guda, a gyara kuskure a zama na gaba, sannan shugaba ya sa hannu a adana a littafin da aka tanada. Bayanin da ke ɗauke da sa hannun shugaba hujja ce a gaban kotu, kuma daga cikinsa ake ciro ƙudurin da banki ke nema kafin ya buɗe asusu, ya sauya masu sa hannu, ko ya ba da rance. Idan an naɗa sabon darakta ko wani ya sauka, a sanar da CAC ba tare da jinkiri ba.

Idan gaggawa ta taso tsakanin zama biyu, doka ta yarda da ƙuduri a rubuce, da sharaɗin duk daraktocin da ke da haƙƙin samun sanarwa su sa hannu. Mutum ɗaya ya ƙi, sai an kira zama. Kiran waya da shugaba ya yi wa mutum uku da daddare ba ya zama ƙudurin hukuma. Haka kuma a riƙa duba rajistar halarta, domin a san daraktan da ya daɗe ba ya zuwa zama ba tare da izinin hukuma ba.

Tare da bayanin zama a aika shafi guda mai gida huɗu: aikin da aka ɗora, sunan mutum ɗaya da zai yi shi, ranar kammalawa, da halin da ake ciki. Sunan mutum ɗaya nake nufi, domin aikin da aka ce "kwamiti" ko "masu gudanarwa" za su yi, kowa zai zaci ɗan uwansa ya yi. Sakatare ya tuntuɓi masu ayyukan a tsakiyar wa'adi, ya sake tuntuɓarsu mako biyu kafin zama, ya cike gida na huɗu da abin da suka faɗa. A zama na gaba, da zarar an amince da bayanin baya, wannan shafi ake fara ɗauka: abin da aka gama a soke shi, wanda ba a gama ba mai shi ya faɗi dalili da bakinsa a sa masa sabuwar rana, wanda kuma ya dawo sau biyu ba a yi ba shugaba ya mayar da shi cikin batutuwan yanke shawara, a duba ko kuɗi ne babu, ko an ɗora wa wanda bai dace ba, ko kuwa hukumar ce za ta janye ƙudurin a rubuce.